Darasi: Motar Lantarki a Filin Baje Koli

A watan Yunin 2021 an yi baje kolin kayan da ake ƙerawa a Nijeriya a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Cikin kayan da aka baje har da wata mota ƙirar Hyundai Kona, wadda a ido ba ta da wani bambanci da sauran motocin da ke kai da komo a birni. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya shiga ya kama sitiyari, ya zagaya da ita a gaban jama'a. Ba a ji kukan inji ba, ba a ga hayaƙi ba, domin ko salansa ba ta da shi. Ba ta shan fetur, ba ta shan man gas. Caji ake yi mata.

Kamfanin Stallion ne ya harhaɗa ta a masana'antarsa da ke Legas, aka fara nuna ta a watan Nuwamban 2020, kuma ita ce motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a ƙasar nan. Sassanta daga waje suka zo, a nan aka ɗaure su.

Ɗan Dogon Daji

Mutanen Kebbe da Tambuwal a Jihar Sakkwato suna da haƙƙin su saurari wannan labari da kunnen gida, saboda jami'in da ya tsaya kai da fata wajen tallata motar nasu ne. Sunansa Jelani Aliyu, iyayensa 'yan asalin Dogon Daji ne a ƙaramar hukumar Tambuwal. An haife shi a Kaduna a 1966, ya tashi a Sakkwato, ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kabi. Daga baya ya sami tallafin karatu na Jihar Sakkwato, ya tafi birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen motoci. Ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki.

A can ne ya zana siffar jikin samfurin farko na motar Chevrolet Volt, wadda aka fito da ita bainar jama'a a baje kolin motoci na Detroit a watan Janairun 2007. Volt da batir take tafiya, amma tana ɗauke da ƙaramin injin fetur mai samar da wuta idan cajin ya yi ƙasa. Ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa Jelani shugaban hukumar NADDC, mai kula da tsarawa da bunƙasa ƙera motoci a Nijeriya, ya riƙe ta har 2023.

A zamaninsa ne, cikin watan Afrilun 2021, hukumar ta buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana ta farko a Nijeriya, a harabar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Daga baya aka buɗe irinta a Jami'ar Legas da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Zaɓen Sakkwato ya dace: rana ba ta yi wa yankin rowa, kuma tun 1982 jami'ar take da cibiyar binciken makamashi, inda aka daɗe ana aiki a kan girki da busar da amfanin gona da samar da wuta ta hanyar hasken rana.

Me ya sa sai a fili?

Gani ya kori ji. Ko sau nawa aka faɗa a rediyo cewa babur mai batir yana da ƙarfi, ɗan kabu-kabun da ke ɗaukar mutum da buhun gero daga Kuchi zuwa Kebbe ba zai yarda ba sai ya hau. Tambayoyinsa sanannu ne, kuma duk na mai hankali ne: zai ja kaya? Zai shiga yashi? Idan ya mutu a daji wa zai gyara? Nawa ne batir? Babu takardar talla da za ta amsa masa waɗannan kamar ya murɗa totur da hannunsa ya ji yadda abin ke fizga. Injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, ba ya jiran a yi ta ba shi wuta, shi ya sa duk wanda ya hau karon farko ake gargaɗinsa ya murɗa a hankali.

Wannan ne amfanin fito da irin waɗannan ababen hawa fili, a bikin muhalli ko a kasuwar baje koli, inda kowa zai iya zuwa ba tare da katin gayyata ba. Sai dai da yawa daga cikin irin waɗannan taruka ba sa cika aikinsu. A kewaye mota da igiya, manya su zo su ɗauki hoto, a yi jawabi da Turanci, a watse. Talaka ya koma gida da labarin ya ga mota mai sheƙi, bai san kuɗinta ba, bai san inda za a yi mata caji ba. Irin wannan taro asarar kuɗin rumfa ne kawai.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka abin sabo ne. A 1899 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya a cikin mota, kuma motar ta lantarki ce. Wajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Arahar fetur, da fitowar motar Ford mai sauƙin kuɗi a 1908, da nauyin baturan wancan zamani su suka kore ta daga titi. Ingantuwar batir ce ta dawo da ita. A 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, akasarinsu a ƙasar Sin. A Norwe kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na batir ne, Habasha kuwa a shekarar ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da na gas.

Abin da ke ƙarƙashin bonet

Wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakanike ya san tarkacen da ke cikin injin fetur: fistan, fulogi, kafireto ko injekta, bel, lagireto, kuloci, giya, baƙin mai da matatarsa. Duk wannan hidima ce ta ƙona mai a cikin ƙarfe domin a juya taya. Kuma ƙonawar tana da asara mai yawa. A cikin kowace naira 100 ta fetur, kimanin naira 70 zuwa 80 zafi take zama, ta fita ta salansa da lagireto. Abin da ke isa taya kaɗan ne.

Idan aka buɗe motar lantarki manyan abubuwa uku za a gani. Akwai batir, wanda galibi a shimfiɗe yake ƙarƙashin kujeru. Akwai inbata, mai sarrafa wutar batirin ta koma irin wadda injin ke buƙata, ta ƙara ko ta rage gwargwadon yadda direba ya taka. Sai injin lantarkin kansa, wanda aikinsa ɗaya ne da na injin fanka ko na famfon sola: wuta ta bi ta cikin naɗaɗɗiyar wayar tagulla, ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, ƙarfin ya juya sandar da ke haɗe da taya. Kashi uku cikin huɗu na wutar, ko fiye, yana isa tayar. Akwai wata dabara kuma: idan direba ya ɗaga ƙafa ko yana gangara, injin yakan juye ya zama janareto, ya mayar da wani ɓangare na wutar cikin batir, yana rage gudun motar a lokaci guda. Shi ya sa takalmin birkinta ke daɗewa.

Bakanike yana da dalilin ya damu, domin babu juyen baƙin mai, babu wankin kafireto, babu sauya fulogi. Amma taya za ta ci gaba da fashewa, boris zai ci, shokazoba zai mutu a kan hanyoyinmu, mai walda da mai faci ba za su rasa aiki ba. Waɗanda suka fi kusa da sabuwar sana'ar su ne masu gyaran wutar mota, da masu gyaran waya, da matasan da ke haɗa sola a gidaje. Da horo na 'yan watanni za su iya kama ta. Ba tare da horo ba kuwa, kada kowa ya sa hannu: wayoyi masu ruwan lemo da ke cikin motar suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 400, wadda take kisa nan take. Ta babur ba ta kai haka ba, galibi bolt 48 zuwa 72 ce, amma ita ma tana iya tada gobara idan wayoyi suka haɗu.

Batir

Mai sayen bijimi a kasuwa ba ya tsayawa a kyan fata, sai ya buɗe baki ya duba haƙora. A abin hawa na lantarki batir ne ake dubawa. Shi ne ɓangare mafi tsada, shi ne mai tsufa, kuma a kansa ake yin kusan duk wata cuta.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko batirin dalma ne mai ruwan asid, dangin wanda ke tada motar fetur. Yana da araha, yana da nauyin tsiya, kuma idan ana zuƙe shi kullum yakan gaji bayan caji 300 zuwa 500. Ga ɗan kabu-kabu mai aiki kowace rana, wannan bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Na biyu batirin litiyam ne, dangin na wayar hannu. Ya fi tsada, bai kai wancan nauyi ba, kuma mai kyau yakan ɗauki caji 1,000 zuwa fiye da 2,000 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Babura biyu za su iya zama iri ɗaya a ido, kuɗinsu ya sha bamban, bambancin kuwa yana ɓoye a ƙarƙashin kujera. Wanda ya ga araha ya ruga bai tambaya ba, nan gaba kaɗan zai biya cikon.

Ana auna cikin batir da yunit, irin wanda ake saye a mitar wutar gida. Batirin Kona yana ɗaukar yunit 64, kuma masu ita sun ce caji ɗaya yana kai ta kilomita 482. Daga Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin kilomita 100 ne, ke nan a lissafin takarda za ta je ta dawo sau biyu. A kan titi lissafin yakan ragu, saboda gudu, da kaya, da na'urar sanyaya mota duk daga batirin suke ci. Cika shi da cajar da ake kafawa a bangon gida yana ɗaukar fiye da awa 9, da cajar gaggawa kuwa kimanin awa ɗaya ya isa a kai shi kashi 80 cikin 100.

Babban abokin gabar litiyam zafi ne, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Manyan motoci suna da tsarin sanyaya batir, ƙananan babura galibi ba su da shi. Don haka mai babur ya ajiye shi a inuwa, kada ya jona shi da caji yana dawowa daga doguwar tafiya sai ya huce, kada ya bari ya zuƙe ƙarƙaf, kuma ya yi amfani da cajar da aka sayar masa tare da shi. Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko ya nutse a ruwa, a fitar da shi waje nesa da ɗaki da rumbu. Wutar litiyam tana da wuyar kashewa, tana kuma iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Ba a barin batir a caji cikin ɗakin da yara ke kwana.

Lissafin ɗan kabu-kabu

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A ƙauyukan da ba gidan mai, inda sai wurin 'yan bumburutu, kuɗin ya fi haka. Tun daga lokacin zancen babur mai caji ya shiga hirar tasha.

Ga misali na koyon lissafi. Farashin da ke ciki na kwatance ne, ɗalibi ya sa na garinsu. A ce ɗan kabu-kabu yana yin kilomita 100 a rana. Baburin fetur zai sha kusan lita 3. Idan lita naira 1,000 ce, ya kashe 3,000, ban da baƙin mai da fulogi. Baburin lantarki a wannan tafiya zai ci kimanin yunit 4. Idan mai shagon caji yana karɓar naira 400 a kan yunit, ya kashe 1,600. Mai talla a nan yake tsayawa, amma lissafin bai ƙare ba, domin batir yana tsufa kuma dole wata rana a sayi sabo. A ce batirin naira 600,000 ne, kuma zai yi caji 1,500. Idan aka raba, kowane caji yana cin naira 400 daga ransa. Ainihin kuɗin rana ya zama 2,000. Har yanzu akwai rarar naira 1,000, wato 30,000 a wata. Amma da batirin zai mutu a caji 400, kowane caji zai ci naira 1,500, kuɗin rana ya zama 3,100, riba ta koma asara. Babur ɗaya, hanya ɗaya, ingancin batir ne kawai ya raba su.

Ina wutar za ta fito?

Duk wanda ke zaune a Kebbe zai yi wannan tambaya kafin kowace. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne ke kula da jihohin Kaduna, Sakkwato, Kabi da Zamfara, kuma mutanen karkara sun san yadda wutar take: ta zo yau, ta ɓace kwanaki, wasu garuruwan ma ko turke babu. Mai dogaro da ita don neman abinci zai sha zama.

Rana kuwa tana nan. Faifan sola mai ƙarfin wat 500 yana iya ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a yini a wannan yanki, muddin ana share masa ƙura, musamman lokacin hunturu. Ke nan faifai biyu sun isa su ciyar da babur ɗaya na yini guda. Cika batirin Kona daga ƙasa kuwa sai an tara abin da faifai kusan 30 suka samar tun safe har yamma. Wannan ɗan lissafi ya isa ya nuna abin da ya dace da Kebbe a yanzu. Babbar motar miliyoyin naira ta masu hali ce da ma'aikatun gwamnati. Abin da zai taɓa rayuwar manomi da ɗan kasuwa shi ne babur, da keke-napep, da ƙaramar motar ɗaukar kaya mai ƙafa uku, a haɗe da rumfar sola a bakin kasuwa.

An riga an gwada haka a ƙasar nan. A ƙauyen Gbamu Gbamu na Jihar Ogun, wanda ke da ƙaramar tashar sola ta kansa, kamfanin MAX ya kai baburan lantarki a 2020, ana yi musu caji daga wutar ƙauyen. Akwai kuma tsarin musayar batir, wanda ya kafu a Kigali ta Ruwanda da Kwatano ta Jamhuriyar Benin: mai babur ba ya sayen batir, na kamfani ne. Idan caji ya ƙare ya je rumfa, ya miƙa wanda ya zuƙe, ya karɓi cikakke, ya biya kuɗin wuta, cikin 'yan mintoci ya koma aiki. Wannan yana rage kuɗin sayen babur, yana kuma ɗauke wa mai shi fargabar mutuwar batir. Illarsa ita ce an ɗaure shi da kamfani ɗaya; idan rumfar ta rufe, babur ya zama kayan ajiya.

A Arewa, Maiduguri ce ta yi gaba. Wani matashin garin, Mustapha Gajibo, ya kafa kamfanin Phoenix Renewables, yana cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir da injin lantarki. A 2022 irin waɗannan motoci suna ɗaukar fasinja a cikin gari, suna yin kimanin kilomita 100 a caji ɗaya. A watan Disambar 2023 gwamnatin Jihar Borno ta ƙaddamar da tasi masu lantarki. Abin lura a aikin Gajibo shi ne tsofaffin motocin da ake da su ya gyara, da hannun matasan garin, a wuri mai zafi da ƙura kamar namu.

Batun muhalli

Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda take taruwa a sama tana riƙe zafin rana. Taruwarta ce ke ƙara ɗumamar duniya, kuma yankunan bakin hamada irin Sakkwato suna cikin masu shan wahalarta: damina mai rikici, ambaliya a wata shekara, fari a wata. Gaskiya ne baburan Kebbe ba su ne suka jawo wannan ba, manyan ƙasashe masu masana'antu ne. Ribar da mutumin nan zai gani da idonsa ita ce ta aljihu da ta huhu. Wanda ya yini a tasha yana shaƙar hayaƙin babura ya san abin da ke fita daga hancinsa da daddare.

Amma tsabtar abin hawan lantarki tana rataye ne da inda wutarsa ta fito. Wanda ya tada janareto ya yi wa babur caji bai kawar da hayaƙi ba, ya dai mayar da shi bayan gida, kuma ya yi asarar kuɗi. Wutar ƙasa ta fi wannan dama, tunda akasarinta daga iskar gas take, sauran daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro. Ta sola ce ta fi duka.

Sai matsalar mataccen batir, wadda bai kamata a rufe ta ba. Dalma guba ce, kuma maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan gubar. Fasa batir a tsakar gida, ko zubar da ruwansa kusa da rijiya, ko narka dalmarsa a murhu, duk jawo wa yara irin wancan bala'i ne. Litiyam ma daga ƙasa ake haƙo shi, har a nan Nijeriya, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024, kuma haƙar da ba tsari tana ɓata gona da ruwa. Duk kamfanin da ya zo sayar da babur mai batir, wajibi ne ya faɗi wanda zai karɓi batirin ranar da ya mutu.

Akwai wani haɗari ƙarami da ake mantawa: rashin ƙara. Yaro, da makaho, da tsoho, da akuya, duk da kunne suke kauce wa abin hawa. A Tarayyar Turai tun 2019 aka fara tilasta wa sababbin motocin lantarki su riƙa fitar da wani sauti idan suna tafiya a hankali. A lungunanmu, mai babur ne zai rage gudu ya riƙa danna oda.

Idan za a yi a Kebbe

Ranar 5 ga Yuni ce Ranar Muhalli ta Duniya, wadda ake bikinta tun 1973, kuma akan shirya irin waɗannan taruka na baje koli a ranar. Sai dai a nan ta faɗo lokacin da hankalin manomi ke kan shuka, aljihunsa kuma ya tafi ga iri da taki. Bayan kaka ya fi, sa'ad da amfani ya shigo gida, mutane suna da sukuni da abin hannu. A yi shi ranar kasuwa, kusa da tasha, inda mutanen Girkau, Margai, Sangi da Ungushi za su tarar da shi ba tare da sun yi tafiya ta musamman ba.

A kawo babur da keke-napep, a ɗora musu buhuna na gaske, a bar 'yan ƙungiyar kabu-kabu su fita da su kan hanyar yashi su dawo su faɗi abin da suka ji da bakinsu. A buɗe kujera a nuna batir, bakaniken gari yana tsaye yana gani. Cajin da za a yi a filin ya zama daga faifan sola da kowa ke kallo. Janareton da aka ɓoye bayan rumfa yana rushe duk abin da aka zo faɗa. A rubuta farashi a allo da Hausar boko da ajami, har da kuɗin sabon batir. A ware wa mata lokacinsu, domin su ne masu biyan kuɗin kai kaya kasuwa da kai mara lafiya asibiti, kuma ƙungiyoyinsu na adashi suna iya mallakar keke-napep su ba da haya. A gayyato famfon ban ruwa na sola shi ma, tunda faifan da ke ja wa mai lambu ruwa a fadama da safe zai iya cika batirin babur da rana. Ƙaramar hukuma, da sarakuna, da ƙungiyoyin direbobi suna da ikon su gayyaci jami'a da kamfanoni, kuma suna da ikon su gindaya waɗannan sharuɗɗa tun kafin a kafa rumfa.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu gida uku. Kashi na farko ya je tasha ya tambayi masu babur uku lita nawa suke sha a rana, da abin da suke kashewa a baƙin mai da gyara a wata. Kashi na biyu ya je wurin mai shagon cajin waya ko mai haɗa sola, ya tambayi kuɗin faifai ɗaya, da irin batirin da yake amfani da shi, da tsawon lokacin da yake yi kafin ya mutu. Kashi na uku ya binciko inda matattun batura na garin ke zuwa, da wanda ke sayensu. A zama na gaba a sake yin lissafin ɗan kabu-kabu a allo da farashin da aka samo.

Duk ranar da aka kawo irin wannan abin hawa garinku, ku je, ku hau, ku tambaya. Kada ku ba da ko sisi sai an rubuta muku irin batirin, da yawan yunit ɗinsa, da tsawon garantinsa, da kuɗin sabo, da sunan garin da ake samun kayan gyara.